Baƙar Baƙuwa

Gunvor, yau baƙuwa ta sauka a lambunki.
Ruwan Yuli ya ɗauke daga kan Gotland,
iskar teku na lanƙwasa furannin da kika shuka a gindin katangar dutse.
Kunnena ya riga idona:
gurnani mai kauri,
kamar injin kwalekwalen Halvar idan ya yi nisa da gaɓa.

Cikin ƙattan ƙudan zuman nan ne masu gashi,
waɗanda kika shekara talatin kina bi, fensir a bayan kunne.
Sai dai naki da ɗamara suke zuwa,
rawaya a wuya, rawaya a ƙugu,
fari ko ja a ƙarshen ciki.
Wannan ko ɗigo.
Baƙa wuluk, sai ka ce ta faɗa garwar kwaltar da muke shafe jirgi.

Na ɗauko kwalbarki mai hujin murfi.
Hannu ya tsufa.
Sau uku tana kuɓuce mini,
a na huɗu ta cusa kai cikin fure har wuya,
na rufe su tare, ita da abincinta.

Ylva tana nan, ta zo hutu.
Ta ɗauki hoto, wayarta ta yi ta lalube,
ta kawo suna uku, ba wanda ta tsaya a kai.
Ta ce, “Kaka, na’ura ta rikice.”
Na ce, “Ai ba ta yi zama da kakarki ba.”

Littafinki yana inda kika bar shi.
Shafin da gahawa ta ɓata, can ƙasa,
da rubutun nan naki mai kwanciya gefe:
Kada riga ta ruɗe ka. Dubi fuska.

Muka sa kwalbar a firji,
tsakanin man shanu da kifin jiya,
har sanyi ya sanyaya mata fushi.
Sannan muka juye ta bisa farin faranti,
na goge madubin ƙara girma da bakin rigata.

Fuskar doguwa ce, Gunvor, kamar ta doki.
Harshen, da ta miƙe shi, ya kusa kai mata ciki.
Ƙafar baya sumul, tana ƙyalli, gashi ya kewaye ta kamar kwando,
da ragowar garin fure a ciki.
To ba cikin masu ƙwace gidan wasu take ba,
da guminta take ci.

Ylva ta sunkuya, ta hura mata iska a ƙeya,
a hankali, yadda ake hura shayi.
Gashin ya dāre.
Can ƙasa, sili biyar ko shida, rawaya,
garwashi a ƙarƙashin toka.

Saura biyu a littafin, ’yan’uwan juna,
kuma kin rubuta ba a raba su sai da allura da madubin ɗakin bincike.
Yarinyar ta dube ni.
“Sai an kashe ta za a san sunanta?”

Ban amsa ba. Na buɗe taga.

Rana ta taɓa ta, ta karkaɗe fiffike,
ta share ido da ƙafar gaba kamar mai tashi daga barci,
ta yi kewaye ɗaya a kanmu,
ta haye katanga, ta nufi gonar Sixten.

Na zauna na rubuta a ƙarƙashin layinki na ƙarshe,
wanda ya shekara biyu yana jira:
Baƙa. Doguwar fuska. Wataƙila ’yar lambu ce cikin baƙar riga.
Na sa alamar tambaya,
na lanƙwasa ta irin taki, ba ta yi kyau ba.

Ylva ta tsaya a bayana tana karantawa.
Sai na ji ta kama wuyan baƙar rigar sanyin nan
da ban rabu da ita ba tun ranar da muka raka ki,
ta sunkuya,
ta hura mini iska a ƙeya.