Randar Farko

Dubu ashirin da biyu na ƙulle a bakin zane,
na hau danfo daga Okokomaiko,
kwandasta na ihu da yaren da har yau bai zauna mini a baki ba.
Wata biyar ke nan da sallamar Bulus daga aikin gadi,
tukunyarmu ta soma koyon azumi.

Inna Tabawa, da kina raye da kin yi dariya:
Kyauta, wadda ke toshe hanci in kina tace burkutu,
yau ita ce a Alaba Rago
tana taya randa.

Mai ganguna ne ya fara tare ni.
Shuɗiyar roba, ya ce, ba ta fashewa har jikoki.
Na tura kaina ciki na shaƙa,
warin fenti ya mare ni.
Abin da ganga ta taɓa sha ba ta mantawa,
sai ta ba dawa labari,
dawa kuma ta kai wa masu sha.

Wani yaro mai tabarau ya nuna mini siririn gilashi
wai yana faɗin zafin ruwa da lamba.
Ke da ƙaramin yatsa kike aunawa,
ki tsoma, ki ƙirga uku, ki ce ya yi.
Na duba yatsana. Kyauta na same shi,
kamar sunana.

Can bayan masu raguna, inda taɓo ke cin takalmi,
Iya Risika ta jera randunanta.
Ba Hausa a bakinta, ba Yarbanci a nawa,
muka yi ciniki da yatsu da harara.
Na ƙwanƙwasa ta farko: murya dusasshiya, akwai tsaga a ɓoye.
Ta biyu ta yi shiru kamar mai jin haushi.
Ta uku ce ta amsa,
doguwar amsa, irin ta rijiyar garinmu.
Dubu tara. Ban ƙara tayi ba, kar ta ji na raina ta.

Tukunyar ƙarfe ta biyu-hannu, gindinta baƙi,
ta riga ta san wuta, ba sai na koya mata ba.
Muciya mai tsawon hannuna.
Rariya, da yadi guda na farin ƙyalle.

Wurin ƙore, Malam Shitu ya dube ni ta saman carbinsa.
Kunu za a dama?
Na ce, ɗan'uwansa ne.
Ya yi shiru har kuda ya sauka ya tashi.
Ya ce, ni ƙwarya na sani,
abin da zai shiga ciki, ke da Mai sama.
Sannan ya karɓe wadda na zaɓa,
ya ɗaga ta ga rana, ya nuna mini hudar ƙwaro,
ya canja mini da mai kauri.

Jar dawa mudu takwas.
Kin ce fara ta tuwo ce, ja ita ke da zuciya.

Abin da ba ki faɗa mini ba, Inna,
shi ne yadda tsiro zai bushe a garin da rana ke rowa,
da ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri,
da mai gida da ya hana hayaƙi a tsakar gida.
Waɗannan ba a sayar da maganinsu a kasuwa.

Da za mu koma, direba ya ce randa ma fasinja ce.
Na biya mata kujera.
Muka tsaya cik a cunkoso, ruwa na dukan gilashi,
na rungume ta a kowane rami,
ina jin duk hayaniyar Ikko na kewaya cikinta.

Yanzu dawa na jiƙe a bayan ƙofa.
Naira ɗari uku ta rage, ban sayi itace ba.
Bulus ya leƙa, ya ce yaushe?
Na ce tambayi dawa.