Tiyar Malama Tasalla

Ni na riƙe mata jaka shekara goma sha ɗaya,
ni Barau, ɗan dakon 'Yar Kutungu.
Ba gwal a ciki, ba turare:
littafi mai layi, biro uku,
da tiya guda wadda ba a taɓa bugun gindinta ba.

Ubanta manomin gero ne a Ajiwa.
Da damina ya ci buhu ɗaya, da kaka aka ce biyu.
Ran da aka zo kwasar rumbu tana 'yar tara,
ta tsaya tana ƙirga dammai da yatsu
har yatsun suka ƙare.

Ta tafi Zariya, ta karanto halayyar jama'a.
Muka ce, to, mu ne jama'ar?
Ta ce, ku ne littafin,
can bango kawai suka ba ni.

Kan buhun dusa take zama, ga digiri, ga silifa.
Ladiyo mai ƙosai, nawa wake? Nawa mai?
Harajin safe da rasit, na yamma fa?
Mai kura, kurar taka ce?
In dare ya yi, me ya kai gida?
Ba wanda ya taɓa tambayarmu saura.

Ita ta nuna mana tiya biyu a rumfa ɗaya,
mai zurfi ta saye, mai tudu ta sayarwa.
Mun sani mana.
Ba mu dai taɓa ganinsa a rubuce ba,
da sunan kasuwa da kwanan wata.

Suka ce ta cika tonon silili.
Aka hana ta ƙarin girma sau biyu.
Rahotonta, shafi ɗari uku,
gara ta fi kwamiti karanta shi a sakatariya.
Ta yi fushi, ba zan ɓoye ba,
har ni ta taɓa balbale kan ƙwandala
da na manta ban faɗa ba.

Amma rumbun aro na nan a Ajiwa,
buhu ɗaya, a maido ɗaya.
Ƙauye bakwai sun kwaikwaya, biyu sun watse.

Ranar da muka kai ta Ɗan Takum
Ladiyo ba ta hura wuta ba.

Tiyar tana wurina.
Jiya wata tsohuwa ta zo da masara a ƙullin zane,
ta ce, Barau, sake auna mini,
hannuna ya ce ba ta cika ba.
Na auna.
Hannunta ne da gaskiya.