Giram Ɗari Biyu da Saba'in

A daren da Deolinda ta cika
wata mujiya ta yi kuka a kan rufinmu,
sau uku, kamar ana yage sabon ƙyalle.
Tun ranar na ƙullace su.
Shekara tara ina jifan duhu da tsakuwa.

Sai ga wata asubar Nuwamba,
raɓa ta jiƙe gonar zaitun sharkaf,
na fita duba tumaki,
na iske ta rataye a shingena,
fiffike ɗaya ya naɗe a ƙayar waya,
kamar farar rigar da aka manta a igiyar shanya.
Ni na ja wayar nan da hannuna, bara waccan.

Na ɗaga sanda. Ba zan ɓoye ba.
Ta juyo da fuskar nan tata, fara fat,
ido biyu baƙi wuluk, 'ya'yan zaitun da suka nuna.
Ba ta roƙe ni komai ba.
Sandar ta yi mini nauyi.
Na koma gida na ɗauko awartaki,
da mayafin ulun da ban taɓa ba tun bayan jana'iza.

Daga ƙauyenmu zuwa Mértola tafiya ce mai gargada.
Kwali a kujerar gaba, inda mai mayafin ke zama.
A kan gadar Guadiana na ji motsi a ciki,
na kama kaina ina cewa, yi haƙuri, mun kusa.

Dona Ermelinda ba ta da yawan magana.
Hannunta duk tabon farce, tsoho da sabo.
Ta ce, gara da ka yanke wayar, ba ka ja fiffiken ba.
Ta ɗora ta a sikeli:
giram ɗari biyu da saba'in.
Abin da na tsorata da shi shekara tara ke nan,
bai kai nauyin burodi guda ba.

Ƙashi ya tsage, bai rabu ba.
Ɗinki shida, ɗauri, ɗaki mai duhu.
Kwana huɗu ta ƙi ci,
sai an ɓuɗe baki da hantsaki an tura naman ɓera.
Duk Asabar ina zuwa wanke keji.
Ermelinda ta kafa mini doka:
kada ka yi mata magana, Custódio,
kada ka sa mata suna.
Ranar da ta saba da kai, ranar ka kashe ta.
Wannan jinya ce da ba a son godiya.

A kejin gefe akwai wata da mota ta buge,
ita ba ta ga Kirsimeti ba.
Muka binne ta a gindin lemo, ba wanda ya ce uffan.

Tawa, ko da yake an ce ba tawa ba ce,
ta fara amayo curin gashi da ƙashi,
Ermelinda ta murje shi a tafin hannu tana murmushi
kamar mai karanta wasiƙar albishir.
Mako bakwai, aka kai ta dogon keji.
Muka tsaya a duhu muna kasa kunne.
In an ji fiffike, da sauran aiki.
Ba mu ji komai ba.
Sai ƙarar ɓera, gajeriya, shi ke nan.

Da magariba muka sake ta a bakin gonata,
zoben ƙarfe a ƙafa, lamba a jiki.
Ba ta waiwayo ba.
Ta bi saman shingen, inda na sa waya marar ƙaya,
duhu ya haɗiye ta.

Jiya ta yi kuka a kan rufina,
ko ita, ko wata, wa ya sani.
Na ƙirga: sau uku.
Na kwanta ina jira.
Gari ya waye, tumaki na neman ruwa.
Mayafin yana kan kujera,
da ɗan farin gashi guda maƙale a ulun,
ban cire ba.