Lemo Bakwai

Da asuba nakan shiga ruwa har ƙugu,
in bi igiyoyina ɗaya bayan ɗaya,
inda ciyawar teku ke rataye
kamar gashin da aka wanke ba a taje ba.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina noman gonar da ba ta san fartanya ba,
nan kudancin tsibirin Kariyaku,
a lungun da iska ke jin kunyar shiga.

Abin da ya zaunar da ni, shi ya kira su.
Daga Disamba jiragen 'yan hutu ke isowa,
farare fat, dogayen sanduna na rangaji,
su jefa anga, su kunna fitilu.
Daren Asabar na ƙirga arba'in da biyu.
Kowane jirgi da masai a cikinsa,
kowane masai da ƙofa mai buɗewa ƙasa.

Hanci ya riga ido sani.
Daga baya na tsinci farar takarda
ta naɗe igiyata ta huɗu.
Kunnen jikata Kezia ya soma ɗiga,
nas ta ce kada ta ƙara shiga ruwa,
yarinyar da ta iya iyo kafin ta iya tafiya.
Mai sayen ciyawa ya zo daga Girinada,
ya shinshina buhu, ya duba agogo,
ya ce sai wani jiƙon.

Na tuƙa kwalekwale zuwa shuɗin jirgi.
Mai shi, Joost, ya miƙo mini shayi.
Ba mugu ba ne, har hula ya cire.
Ya ce, "Uwa, teku ai faɗi gare shi,
kafin gari ya waye ya kwashe komai."

Tsoho Fitzroy, mai sassaƙa jirage,
dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.
"Wane tekun? Babban ruwa can yake wucewa,
bayan tsaunin nan, mil uku.
Na nan ciki akuya ce a turke.
Murjani ya tare masa baki,
sai ya zaga, ya zaga,
ya dawo ya kwanta inda ya yi kashi."

Na sayi lemo bakwai.
Na zana wa kowane gicciye da ƙusa.
Da magariba, ruwa na soma janyewa,
na zuba su daidai gindin shuɗin jirgi,
Joost na kallo, hannu a ƙugu.

Ban yi barcin kirki ba.

Da safe uku na jirana a igiyoyina,
suna ta kaɗa kai kamar masu gaisuwa.
Ɗaya ya sauka a rairayin makaranta,
inda yara ke wanka bayan an tashi.
Biyu kuwa ko nisa ba su yi ba,
suna ƙwanƙwasa cikin jirgin a hankali,
gab da tsanin da ɗansa ke dirowa
ya buɗe baki yana ihu cikin ruwa.
Na bakwai ba mu gan shi ba.
Shi ke nan rabon teku mai faɗi.

Joost ya tsamo ɗaya, ya juya shi,
ya daɗe yana duban giccen.
Bai ce in yi haƙuri ba.
Ya dai kira yaron ya fito, da murya mai kaushi.
Da hantsi na ji sarƙar anga na hawa,
jirgin ya wuce tsauni ya ɓace,
da la'asar ya dawo, ya ɗaga mini hannu.

Saura arba'in da ɗaya.
Ruwa bai washe ba tukuna,
Kezia na zaune kan dutse da auduga a kunne,
tana jifan kaguwa da tsakuwa.
Lemo ya yi tsada a kasuwar Hillsborough.
Fitzroy ya ce in gwada ɓawon kwakwa.