Layi na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ni ne mai rubuta abin da aka faɗa
a zauren majalisa, nan Valparaíso.
Shekara sha tara yatsuna na bin bakin mutane.
Abin da aka faɗa kawai. Tari ba ya shiga,
ajiyar zuciya ba ta da gurbi a takarda.

Otilia Nahuelquín daga tsibiri ta zo,
can kudu inda ruwan sama ba ya sallama.
Har yau akwai farin gishiri a gefen takalminta.
Kwamiti uku suka ɗora mata, wai ba ta ƙin aiki,
jaki mai haƙuri shi ake ƙara wa mangala.

Da safe, harkokin waje.
Jakada ya zo da murmushi mai guga,
da tafinta, da taswirar teku an tsaga ta da jan layi.
Ana zancen kifi kamar ba a taɓa jin ƙarninsa ba.
Ta ce: "In manyan jiragenku sun share gaɓa,
me ƙanena zai tarar a komarsa ran Talata?"
Tafinta ya tauna maganar, ya zare mata ƙaya, ya miƙa.
Ni da ƙayar na rubuta.

Da rana ta karkata, ilimi.
Wani mai farin tabarau ya ce lissafi ba ya ƙarya:
makaranta mai yara goma sha ɗaya asara ce,
balle kwalekwalen da ke tsallako da su.
Ta ce ta san kwalekwalen. Shuɗi ne, yana yoyo ta hagu.
Tsoho Baldovino ke tuƙa shi,
yana ƙirga kawuna sau biyu kafin ya kwance igiya.
Ta ce a cikinsa ta haddace sau bakwai,
tana kwarfe ruwa da gwangwanin madara.
Aka yi dariya. Dariya ma ba na rubutawa.

Dare, kasafin kuɗi.
Kundi mai kaurin bulo, shayi ya huce a kofi.
A nan ake sanin wa ke da wa.
Ruwan bashi na kan gaba, ba mai taɓa shi,
shi ne ruwan da ba ya ɗaukar kwalekwale, sai dai ya ci shi.
Ta bi shafi da farce, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
har layi na ɗari huɗu da sha biyu:
man jirgin 'yan makaranta. An ja masa sifiri.

Na gan ta a baranda da ɗan adawa,
wanda jiya ya kira ta mai warin kifi.
Yana son gada a mazaɓarsa, tana son mai.
Hannu ya wanki hannu, ba wanda ya fita fes.

Ƙarfe biyu saura aka kaɗa ƙuri'a.
Ta samu, da ratar mutum ɗaya, shi ma gyangyaɗi yake.
Rabin abin da ta nema: wata shida, sai a sake zama.
Kuma daga kuɗin fitilar mashigin jirgi aka yanko,
wannan sai da safe ta gani.

Ba ta ce komai ba, don haka babu shi a kundina.
Ta cire takalmi ƙarƙashin tebur,
ta kira tsibiri, waya na tsinkewa.
"Baldovino, ka toshe yoyon nan.
E, har lokacin sanyi. Bayan nan ban sani ba.
Ka riƙa dawowa da su tun da sauran haske."

Na rufe na'urata.
Gobe ƙarfe tara jakada zai dawo da taswirarsa.