Bangon Ijora

Ƙungiya ta kawo mini hoton katin aikinsa,
ɗan mitsitsi, bai kai tafin jariri ba.
Suka ce: ga bango a ƙarƙashin gadar Ijora,
yi mana Sallau, ya kai tsayin mutum uku.

Ni da na saba zana kifi da almakashi a ƙofar shaguna,
da "Sai Haƙuri" a bayan danfo.

Suka ce ɗaga masa hannu, a dunƙule.
Na ɗaga.
Suka ce idonsa ya dubi teku, can inda gobe take.
Na juya shi.
Rasaki, sakataren 'yan dakon Apapa,
ya ce ƙara ja a ƙirji,
mutane ba sa gane mutuwa sai da ja.
Jan kuwa ragowar allon mai tumatir ne na Agege,
ban gaya masa ba.

Ran Talata yayarsa Tabawa ta zo.
Ta daɗe tsaye cikin hayaƙin tireloli,
sannan ta ce: Malam, wane ne wannan?
Ƙanena yana da giɓi.
Kunnensa na hagu a lanƙwashe yake
tun da ya faɗo daga mangwaro a Funtuwa.
Ba ya dunƙule hannu sai in goro yake ɓoye mini.
Ranar ma ruwan leda yake raba wa masu yajin aiki.
Ta baya harsashin ya shiga.

Ta baya.
Ni kuwa na buɗe masa ƙirji kamar ƙofar gari.

Cikin dare na dawo da tocila a baki,
na tsoma ƙaramin buroshi a baƙin fenti,
na buɗe giɓin tsakanin haƙora biyu.
Iyakar abin da na iya ke nan.
Da safe Rasaki ya ce na rage wa shahidi kwarjini.

Kwana tara, ma'aikatan hukuma suka zo da farar ƙasa.
Suka shafe shi tun daga goshi har ƙafa.

Sai damina ta sauka, irin ta Legas,
wadda ba ta sallama.
Jan ya bi kwata ya tafi.
Hannun bai dawo ba, idon ma haka.

Amma in cunkoso ya tsayar da kai a Ijora,
dubi farin bangon, sama kaɗan da tsayinka:
akwai wani ɗan baƙin layi a tsaye,
siriri,
kamar wani na shirin yin dariya.