Ɗakin Bappa Jibir

A Bolari, bayan rumfar mai faci,
akwai ɗakin da ba a kwana cikinsa.
Bappa Jibir ya sa masa kwaɗo biyu,
makullin yana wuyansa har ranar da aka yi masa wanka.
Ni aka miƙa wa,
don ni kaɗai yake bari in share.

Shekara talatin da huɗu yana tuƙa tirela
daga Gombe zuwa inda kwalta ta ƙare
da inda ta sake farawa da wani harshe.
Abokansa na dawowa da rediyo, da agogo, da shadda.
Shi sai tsohon ludayi,
sai akushin da wuta ta lasa.
Unguwa na cewa: ga mai sayen shara da kuɗinsa.

Na buɗe. Warin tsohuwar fata ya riga ni sallama.
Ga tandun Agadas, ja kamar garwashin da ya fara hucewa,
da sauran kwalli a gindinsa.
Ga kujerar Kumasi mai lanƙwasar jinjirin wata,
zaman wani da ban sani ba ya goge ta har tana sheƙi.
Ga zanen Segu da aka rubuta da taɓo,
layi, ɗigo, layi,
sawun zabi a bakin kogi.
Ga 'yan tagullar awon zinari cikin gwangwanin madara:
kunama, da wani mai ɗauke da tulu,
ko babban yatsana ba su kai ba.

A ƙarƙashin tabarma na tsinci littafinsa,
ajami mai karkata, kamar a kan sitiyari aka rubuta.
Kowane kaya da garinsa, da kuɗinsa,
da sunan hannun da ya yi shi.
"Agali, maƙeri. Ya ba ni shayi uku kafin ciniki."
"Kwabena. Ya ce kada in zauna a kai ranar Alhamis, ya yi dariya."
Sai wannan, tawadar ta yi kauri:
"Halime, Abeshe. Faifan aurenta.
Sau uku ta hana ni.
Na huɗu ɗanta ba shi da lafiya.
Na biya ninki. Bai isa ba."

Bayan sadakar arba'in wani ya zo daga Legas
da farar safar hannu da madubin dubawa.
Yana tambaya: wane ƙarni? wace ƙabila?
Ina karanto masa sunaye, yana duba agogo.
Ya faɗi kuɗi, har kawuna ya gyara zama.
Ya tsallake wata ƙwarya mai tsaga,
an ɗinke ta da zaren rama, ɗinki bakwai.
Ya ce wannan ta nan kusa ce, ba ta da kasuwa.

Gaskiya ya faɗa.
Ta Dadin Kowa ce, ko awa ɗaya babu.
A littafin, gurbin kuɗinta fari fat,
sai dai: "Fantu, innata. Da wuƙa mai zafi ta zana.
A ciki na fara shan kunu."

Na ce ya ba ni mako guda.
Yau wata biyar ke nan.
Gara ta fara leƙen ƙafar kujera,
kawu ya daina amsa gaisuwata da kyau,
ni kuma sau biyu ina zuwa tasha
ina tambayar nawa ne kuɗin mota zuwa Abeshe,
da faifai a jakata, a naɗe cikin ɗankwali,
ban san ko Halime na raye ba,
ban san ko yaron ya tashi ba.

Jiya da la'asar na zuba wa ƙwaryar ruwa.
Tana yoyo ta ɗinki na huɗu,
ɗigo, ɗigo, a kan simintin da ya share shekaru a bushe.
Na tara hannu na sha.